Kuɗin lasisi da na duba-gari: nawa ya kamata mai masa ta biya?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kan wani nauyi da aka ɗora mini. Sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu ya kafa kwamitin da zai sake duba kuɗin lasisi da kuɗin dubawa da ake karɓa a hannun masu sana'ar da ta taɓa lafiyar jama'a: gidajen abinci, gidajen burodi, mahauta, masu shayi, masu gidan wanka da bahaya, masu injin markaɗe, har da masu aski. Ni aka tura in wakilci kwamitin ci gaban mazaɓarmu. Kuɗin da ke rubuce a takarda tun kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka yanka shi, yanzu ko man babur ɗin da zai kai duba-gari ƙauye ya dawo da shi ba zai saya ba. A zaman farko baki ya rabu biyu. Wasu sun ce a ninka komai sau uku a wuce wurin. Wasu sun ce a yanka kuɗi ɗaya kowa ya biya daidai, don lissafi ya yi sauƙi. Duk biyun ba su kwanta mini ba, amma na rasa hujjar da zan tsaya a kai. Ranar Alhamis za mu koma, kuma abin da muka rubuta shi za a kai gaban kansiloli ya zama doka. Masu sana'a da ke gidan nan, da ku za a yi, don Allah ku yi magana tun ba a sa hannu ba.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka tambaye mu, don ba a saba yi ba. Ni masa nake soyawa a ƙofar gida, tanda ɗaya, daga asuba zuwa hantsi. Mudu uku na shinkafa nake jiƙawa, ranar kasuwa huɗu. In na cire kuɗin shinkafa da mai da itace da markaɗe da kayan miya, abin da ya rage shi ne cefanen gidan da kuɗin makarantar allo. Yanzu a ce ni da mai gidan abincin da ke bakin titi, mai kujeru da firiji da yara shida masu aiki, kuɗinmu ɗaya? Wannan ba adalci ba ne ko kaɗan.

Mai Shayin Tasha:
Hajiya ta faɗi tawa. Kuma Malam a tambaya mana, wanda muke biya yanzu ina yake zuwa? A shekara takarda uku nake karɓa daga mutum uku, kowa ya ce tasa daban.

Ɗalibin Lauya:
Kafin a yi nisa bari in ajiye abin da doka ta ce, don kar wani ya ɗauka ƙaramar hukuma ba ta da hurumi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kafawa da kula da mayanka, kasuwanni, tashoshin mota da bandakunan jama'a, da kwashe shara, da sa ido kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, har da wuraren wanki. To hurumi kam akwai. Sai dai hurumin sa ido daban, a tashi da safe a ƙirƙiro kuɗi daban. Duk kuɗin da za a karɓa dole ya fito a dokar da majalisar kansiloli ta zartar, da sunansa da adadinsa. Yaya Mai Shayi, duba takardun nan uku, in za ka iya ka ɗauki hotonsu ka turo. Mai yiwuwa ɗaya ta kuɗin rumfa ce, ɗaya ta shara, ɗaya ta lafiya. Mai yiwuwa kuma a cikinsu akwai wadda ba ta da uwa ba ta da uba.

Baba Duba-gari:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini, na ce ya ba ni wayar in rubuta da kaina ko da zan daɗe. Na yi aikin nan har na yi ritaya, kuma na gaji magana daga waɗanda suka yi shi tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A wancan lokacin duba-gari har cikin gida yake shiga, ya leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai, ya duba kwata. Mutane na jin an ce ga shi nan tafe sai tsintsiya ta fara aiki. Ba rasit yake ɗauke da shi ba, ido ne da littafi.

Abu Safiyya ɗana, ga inda kwamitinku ya kauce. Kun fara da tambayar nawa za a samu. Ku fara da tambayar me za a duba, sau nawa, kuma nawa dubawar take ci. Kuɗi iri huɗu ne ake cakuɗawa a baki ɗaya. Akwai kuɗin lasisi, wato takardar da ta ce an san da kai, an ga wurinka, an yarda ka yi sana'a na shekara guda. Akwai kuɗin dubawa, wato abin da zuwan ma'aikaci wurinka yake ci. Akwai kuɗin gwajin lafiyar masu taɓa abinci, wannan na asibiti ne, can ake biya. Sai tara, wadda ba ta hawa kan kowa sai wanda ya karya doka, kuma kotu ce ke yanke ta. Duk ranar da aka haɗa huɗun nan a hannun mutum ɗaya, an bai wa kura ajiyar nama.

Kan maganar kuɗi ɗaya ga kowa, ku auna haɗari. Mai injin markaɗe in ya yi ƙazanta zai taɓa gidaje ashirin ko talatin. Gidan burodi da ke loda wa 'yan babur suna kai wa ƙauyuka, in ya lalace, ya shiga cikin mutanen da ba za a iya ƙirgawa ba. Shi ana buƙatar a je masa akai-akai, a duba ruwan kwaɓi, a duba rumbun fulawa ko ɓera na shiga, a duba ko ana zuba sinadarin kumbura burodi da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta, a ga takardun lafiyar ma'aikata. Wannan zuwa ɗaya sai ya cinye rabin yini. Mai masa kuwa cikin minti goma ka ga ruwanta, ka ga ko tana rufe abinci, ka ga inda take wanke kwano, ka wuce gaba. Ta yaya kuɗinsu zai zama ɗaya?

Abu Safiyya:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi wannan rabe-raben ne ya ɓace mini a zaman farko. Amma in an ce mini kawo lissafi, ta ina zan fara?

Baba Duba-gari:
Ka sa shugaban sashe ya kawo muku jerin wuraren da ake da su a kowace mazaɓa. Ku kasa su uku: masu haɗari sosai, matsakaita, da ƙanana. Sai ku zauna da ma'aikatan da ke fita, ba na ofis ba, su faɗi abin da fita ɗaya take ci: man babur, takardu, kayan gwada ruwa, safar hannu. Misali kawai, a ce zuwa ɗaya ya kama naira 2,500. Wanda za a je masa sau huɗu a shekara ya tashi 10,000, a ɗora kuɗin buga lasisi. Masu ƙananan sana'a kuwa a fita ɗaya za a iya zaga goma a layi guda, to kuɗin fitar a raba musu goma, ba a ɗora wa kowa cikakke ba. Albashin ma'aikaci kada ya shiga lissafin nan, gwamnati ce ta ɗauke shi aiki, ita ke biyansa.

Alhaji Mai Burodi:
Baba ranka ya daɗe, ban musa maka ba, amma a ji tamu. Mu masu gidan burodi mu ne bishiyar da kowa ke jifa saboda ana ganin hayaƙinmu daga nesa. Muna da rajistar NAFDAC da muke sabuntawa. Akwai harajin jiha. Akwai kuɗin shara. Akwai na allon talla. Ga fulawa da sukari da suka tashi ba su sauko ba, ga albashin yara. Yanzu kuma a ce sau huɗu a shekara. Ni ba na ƙin a zo a duba ni, ƙofata a buɗe take. Abin da nake ƙi shi ne a zo a tsaya a bakin ƙofa a karɓi kuɗi ba a ko leƙa ɗakin kwaɓi ba. In na biya kuɗin dubawa huɗu, a rubuta a doka cewa dole a zo sau huɗu, a bar mini kwafin abin da aka gani da sa hannu. In shekara ta ƙare sau biyu aka zo, a rage mini a ta gaba.

Baba Duba-gari:
Alhaji, wannan sharaɗin naka a rubuta shi yadda ka faɗe shi. Ban da abin ƙarawa.

Ɗan Fawa:
To mu fa? Mu ba shekara-shekara muke biya ba, kullum ne. Kowace saniya da kuɗinta, kowane akuya da nasa, kafin wuƙa ta taɓa wuya an karɓa. Amma ku zo kwatar da muke yanka ku gani. Babu famfo, sai mun sayi ruwa wurin 'yan garuwa da kuɗinmu. Magudanar ta toshe, jini da toroso na kwanciya har washegari, ƙuda kamar an kira su. Sarkin Fawa ya yi magana har ya gaji. Sannan a zo a ce mu ne ƙazamai, a yi mana barazanar tara. Wanda ya karɓi kuɗin yanka shi ya kamata ya kawo ruwa. A fara gyara mana wurin, mu da kanmu za mu yarda da ƙari.

Ummu Hanan:
Ni a asibitin sha-ka-tafi nake aiki, kuma ina so in ja hankalinmu kan abin da ya sa ake wannan duka, don na ga maganar ta koma kuɗi zalla. Duk wanda ya yi aikin lafiya a jihar nan tamu ta Bauchi a 2021 ba zai manta ba. Kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a faɗin ƙasa a shekarar, ta kashe sama da 3,500, kuma Bauchi na sahun gaba a yawan waɗanda suka kamu. Mun ga babban mutum da aka kawo da safe yana magana, kafin la'asar idonsa ya faɗa, fatarsa in ka ja ba ta komawa. Cutar nan ba daga iska take zuwa ba, bahaya ne ke shiga ruwa ko abinci. Rijiya kusa da masai, kankarar da aka yi da ruwan da ba a sani ba, zoɓo da kunun aya da aka ɗura a tsofaffin robobi, hannun da bai ga sabulu ba. Taifod ma haka, har akwai wanda yake ɗauke da ita yana jin garau, yana dafa wa mutane abinci yana raba musu. Shi ya sa ake gwajin masu abinci. Ga kuma zazzaɓin Lassa da ke dawo mana duk rani, jiharmu na cikin waɗanda ya fi addaba tare da Ondo da Edo, kuma ɓera ne ke yin fitsari da kashi a kan hatsi da abincin da aka bari a buɗe.

Abin da nake tsoro shi ne a tsawwala kuɗin har ƙananan masu sana'a su gudu. Mace kamar Maman Khalifa in aka ce ta biya abin da ya fi ƙarfinta, ba daina suya za ta yi ba. Cikin gida za ta koma, ta ɗora wa yarinya talla. Daga ranar babu mai sake ganin ruwan da take kwaɓi da shi. An rasa kuɗin, an kuma rasa idon. Ni a ganina na ƙasa-ƙasan nan a yi musu rajista kyauta, ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a haɗa musu da horo na yini ɗaya kan tsafta. Ranar da annoba ta ɓulla, jerin sunayen nan ya fi mana duk kuɗin da za a tara.

Maman Khalifa:
Aunty, kamar kin shiga zuciyata. A layinmu kaɗai mata nawa ne ke dafawa a ciki yara na fita da shi? Ba wanda ya san da su. Ni da na fito fili ni ake gani.

Akanta:
Ina girmama maganar Ummu Hanan, amma kyauta tana da nata ciwon. Abin da ba ya kawo ko kwabo shi ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi. In ƙanana ba su biya komai ba, ranar da babu mai a babur su za a fara daina zuwa wa. Gara su biya kaɗan, ko wata-wata ne, a ba su kati.

Sannan akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Ko kun yi lissafin Baba daidai har kwabo, kuɗin ba hannun sashen lafiya yake zama ba. Ƙa'ida ita ce duk kuɗin shiga ya faɗa asusun ƙaramar hukuma, ba a taɓa shi a hanya. Daga can sai abin da kasafi ya ware. To ana iya karɓar kuɗin dubawa cif-cif, ya tafi wani aikin, duba-gari kuma ya zauna a ofis babu mai. Malam Abu Safiyya, ka dage a sa layi na musamman a kasafi mai suna aikin dubawa, a rubuta cewa abin da za a sakar masa duk wata uku ba zai gaza kaza cikin ɗari na abin da aka tara ba. In babu wannan, ƙarin kuɗin haraji ne kawai aka sake wa suna.

Ɗan Bolari:
Ina bin ku daga Gombe. Ba Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba? In haka ne me ya sa za a matsa wa mai shayi? Tsaftar gari amfanin kowa ce, wanda bai taɓa sayar da ko ƙosai ba ma yana cin moriyarta. A biya daga kason da ke zuwa daga Abuja mana.

Akanta:
Hukuncin kam an yanke shi, ranar 11 ga Yulin 2024. Amma ko kuɗin ya iso gaba ɗaya, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ne ke fara cin kaso mai tsoka, balle da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Duk da haka rabin maganarka gaskiya ce. Duba rijiyoyin unguwa, da magudanan ruwa, da juji, da makarantu, wannan aikin kowa ne, daga baitulmali ya kamata ya fito, kada a ɓoye shi cikin lasisin mai burodi. Wanda ke cin riba daga sana'a ya biya kuɗin duba sana'arsa kaɗai.

Abu Safiyya:
Akwai wata shawara da shugaban kwamiti ya kawo, ina so ku auna ta. Ya ce duk wanda aka duba aka samu da matsala, in za a dawo a ga ko ya gyara, ya biya kuɗin dawowar. Wai don mai tsafta kada ya ɗauki nauyin ƙazami.

Mai Shayin Tasha:
A'a Malam! In aka yi haka babu wanda zai sake tsallakewa a zuwan farko. Ko tebur ɗinka na sheƙi sai an samo laifi.

Baba Duba-gari:
Yaron nan ya gano ta. Na yi aiki da mutanen kirki da yawa, amma na ga waɗanda ba su ji kunyar karɓar na goro ba, kuma doka ba don mutanen kirki kaɗai ake rubuta ta ba. Ga yadda muka koya: ka samu matsala, ka rubuta wa mutum takardar gargaɗi, ka faɗi abin da zai gyara da kwanakin da ka ba shi. Dawowar farko kyauta ce, tana cikin kuɗin shekara. In ka dawo bai gyara ba, sannan zuwa na uku ya hau kansa, in ya ƙi a kai shi kotu. Kuma ko sisi kada ya bi ta hannun mai dubawa. A biya a banki ko ta POS zuwa asusun hukuma, a nuna rasit. Mai dubawa ya zo da katin shaida, kuma ya kasance mai rajista da hukumar da ke kula da sana'ar duba-gari ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2002. Muna da yaran da suka gama kwalejin kiwon lafiya ta Ningi suna zaune a gida, ga Kaltungo nan ma tana yaye su, amma sai ka ga an ba wani ɗan siyasa kwangilar karɓar kuɗin tsafta ya saki yaransa kasuwa da riguna masu ɗaukar ido. Wanda bai san bambancin hanta mai lafiya da mai tsutsa ba, me zai duba?

Ɗan Fawa:
Baba, a kan nama dai likitan dabbobi muke so ya riƙa zuwa da asuba kafin yanka. In ya ce huhun nan ba zai shiga kasuwa ba, muna yarda, don mun san ya karanta. Amma asarar fa? Mutum ya sayi sa da bashi, a ƙwace rabi a binne. Shi ya sa wasu ke yanka a bayan gari cikin dare.

Ummu Hanan:
Wannan naman na bayan gari shi ne ke ƙarewa a tukunyar talaka, kuma tarin fuka na shanu yana kama mutum. Yaya Ɗan Fawa, ba za ku iya yin asusu a ƙungiyarku ba, kowane yanka a jefa wani abu, wanda aka ƙwace wa nama a rage masa zafi?

Ɗan Fawa:
Muna da adashi amma ba na wannan ba. Zan kai wa Sarkin Fawa maganar yau da daddare. In hukuma za ta bar mana wani abu daga kuɗin yanka ya shiga asusun, mutane za su yarda da sauri.

Ɗalibin Lauya:
Ƙari biyu kafin Alhamis. A liƙa jadawalin kuɗin da Hausa a ƙofar sakatariya, da bakin kasuwa, da tasha, a kuma karanta shi a rediyo, don yawancin zaluncin nan a duhu ake yin sa. Sannan a sa wa'adin sake dubawa, ko duk shekara biyu, kada a sake barin sa ya tsufa har a wayi gari ana maganar ninkawa sau uku. Yaya Mai Shayi, na ga hotunan da ka turo mini. Biyu suna da lamba da hatimi. Ta ukun babu lamba, babu sunan asusu. Ka ajiye ta, ka ba Malam Abu Safiyya ya tafi da ita zaman.

Alhaji Mai Burodi:
In ƙarin ya tabbata, a raba mana biya kashi biyu, kuma kada ya faɗo dab da azumi.

Abu Safiyya:
Na kwafe duka a littafi. Inda har yanzu ban samu matsaya ba shi ne na ƙananan masu sana'a, tsakanin kyautar Ummu Hanan da ɗan kuɗin Akanta. Zuciyata ta fi karkata ga rajista kyauta a shekarar farko, don a fara sanin su waye, amma na san ma'aji zai yi tsalle. Zan kai duka biyun. Baba, in jiki ya yarda, zan so in zo in ɗauke ka mu je tare, don in na faɗa za a ce ra'ayina ne, in kai ka faɗa za a saurara.

Baba Duba-gari:
Ka zo bayan sallar walaha. Akwai tsohon littafin dubawa na a akwati, zan sa a nemo shi su ga yadda ake cike shi.

Maman Khalifa:
Malam, mu mata an yarda mu shiga zaman ko sai 'yan kwamiti? In an yarda zan tashi da wuri in gama suya, mu zo mu huɗu daga layinmu, har da masu dafawa a cikin gida.

Abu Safiyya:
Zan kira sakataren kwamiti yanzu in tambaya, Hajiya. In ya ce a'a, ku rubuto abin da kuke so da sunan matan layinku, in karanta shi a gabansu.